An Ce Ba Ta Da Uba

Na san abin da kuka tashi kuna ji a dangi, tun kuna ƙanana har yau da wasunku suka ajiye nasu 'ya'yan. An ce gona ce ta raba ni da Baffanku Lawal. An ce na yi boko na dawo ina neman rabon gado, shi kuma ya yi zuciya ya kwashe iyalinsa daga ƙauye, ya ƙare a gidan haya a Batsari. Kun ji wannan a wurin biki, kun ji a wurin zaman makoki, kuma babu ɗayanku da ya taɓa tunkarata da tambaya, don kun san halina. Na gode da wannan kara. To amma yanzu ido ya gaji, likita ya ce in rage karatu, hannun ma in na cika shafi biyu sai ya ɗauki rawa. Kafin biro ya gagare ni gaba ɗaya, gara ku ji daga bakina. Ba gona ba ce. Ko kunya ɗaya ta gonar mahaifinmu ban taɓa nema ba. Kalma ce, mai harafi biyu kacal, kuma ni na zagaye ta da jan biro da hannuna. Sunan ƙauyenmu ba zan rubuta shi a nan ba. Kun san shi, yana can bayan Ruma, inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara, kuma in kun kai ƙarshen babin nan za ku gane dalilin da ya sa na bar shi a ciki.

Kakanku, wanda ba ku riska ba, malamin zaure ne, kuma shi ke limancin ƙauyen. Yana da wata ɗabi'a da ta sa 'yan gulma suka daina bi ta ƙofarmu. In ka zo ka ce masa an ce ruwa ya ci hanyar Wagini, ko an ce wane ya saki matarsa, ba zai ko ɗago kai daga littafi ba, sai dai ka ji:

"Wa ya ce?"

In ka ce ai haka ake ta faɗa a kasuwa, sai ya juya shafi ya ce:

"To, mai da musu abarsu. 'An ce' ba ta da uba. In ka samo uban maganar ka dawo."

Haka yake a karatu ma. Ba ya ba ka hukunci sai ya faɗa maka littafin da ya ɗauko shi, da malamin da ya karantar da shi, da wanda ya karantar da wancan. Mu biyu ne maza a gidan. Yaya Lawal ya girme ni da shekara tara. Da aka zo neman yaran da za a sa boko, ni aka miƙa, don ni ne ƙarami kuma kowa ya shaida ba ni da wani amfani a gona. Yaya ya zauna ya gaji littattafai da limanci da garma. Duk shekarun da na yi ina karatu, geron da ya noma nake ci. A kan jaki yake ɗoro buhun ya kawo Batsari, ya sa a mota, ya juya a ƙafa. Bai taɓa ambaton abin ba, ni kuma ban taɓa iya buɗe baki na gode masa ba, don irin wannan godiya ba ta shiga tsakanin wa da ƙani a gidanmu. Abin ya zauna mini a rai kamar ƙaya a tafin ƙafa. Ya fi ni sani nesa ba kusa ba, amma ni ake kira Dakta, shi kuwa sunansa bai wuce ƙauyuka huɗu ba.

Kun sha tambayata kuna yara wane irin aiki nake yi a jami'a, ban taɓa ba ku amsar da ta gamsar da ku ba. Ba na allura, ba na gina gada. Ina koya wa masu bincike yadda za su rubuta abin da suka gano, da yadda za su tsaya gaban jama'a su faɗe shi ba tare da sun sa kowa gyangyaɗi ba. Manya ne ke zuwa ajina, wasu da furfurarsu: masana ƙasar noma, masana cutar dabbobi, masu nazarin ruwa. Mutum ya san aikinsa kamar yunwar cikinsa, amma ka ba shi takarda sai ya cinye shafi uku yana gaisuwa da godiya da kewaye-kewaye, kamar wanda aka aika neman aure. Shekara talatin da ɗoriya ina karanta jimla iri ɗaya, fuskokin masu kawo ta ne kawai ke canzawa. Ofishina yana hawa na biyu, fankarsa ta girmi wasu ɗalibaina, kundaye jibge har bakin taga. Abin da na fi tsana kuwa, ko da Turanci aka rubuta ko da Hausa, shi ne jimlar da aka ɓoye mai aikin a cikinta: an gano, an lura, ana ganin, an yi ittifaƙi. Sai in zagaye ta da ja, in rubuta a gefe: Wa? Har suka laƙaba mini Malam Wa-ya-ce, suna zaton ban sani ba. Na sani sarai, kuma a raina daɗi nake ji, ina ganin gadon mahaifina nake riƙe da shi. Ina da zafi, ban musa ba. Na taɓa sa wani dattijo mai 'ya'ya a jami'a ya share ƙwalla da hularsa a kan sakin layi ɗaya. A lokacin riƙon amana nake kiran wannan.

Shekarar da nake ba ku labarinta, daji ya riga ya lalace. Mutanenmu sun bar gonakin nesa, shanu sun ƙare a hannun masu su, mai babur ba ya kama hanya sai rana ta ɗaga sosai. Ni kaina na yi shekara uku ban taka ƙauye ba, sai waya, ranar da aka ci sa'ar sabis. Cikin masu zuwa ajina akwai Malama Hadiza, 'yar Safana, malamar gona, tana digiri na uku a kan abin da ke korar manoma daga gonakinsu da yadda suke yi su rayu. Mace ce mai natsuwa, ba ta da yawan magana, kuma ita kaɗai ce a ajin in na hau faɗa ba ta sunkuyar da kai. Da ta yi mini kukan mutanen ƙauye ba sa buɗe mata ciki, ni na ce ta je wurin Yayana. Na kira shi na ce ga ɗalibata nan tafe, ya riƙe ta kamar 'yarsa. Ta hau babur daga Batsari, ta kwana huɗu a ɗakin matarsa, Yaya Rabi, ta dawo da littafi cike.

Abin da Yaya ya faɗa mata shi ne zuciyar aikin duka. Ya ce mutanen daji ba su da idon da ke ganin cikin rumbu, a cikin gari ake yi musu gani. Akwai masu kai musu labarin wanda ya sayar da sa, da wanda ya cika rumbu, da gidan da ɗansu ya dawo daga ci-rani. Bai kama sunan kowa ba, alamu kawai ya bayar: babur ɗin da ke fita da burodin da ya fi ƙarfin gida ɗaya, jarkokin mai a gidan da babu inji, mutumin da gonarsa ke bakin daji amma ko zangarniya ba a taɓa karya masa ba. Na karanta, na sake karantawa. Duk maƙalun da na sha gyarawa a kan wannan bala'i, babu wadda ta kai rabin maganar mutumin da bai taɓa zama a benci ba.

A darasina akwai wani sashe da nake tinƙaho da shi. Kowane mai bincike sai ya taƙaita aikinsa da Hausa, shafi ɗaya, ya je ya karanta a wani shirin manoma na rediyo, don nakan ce ilimin da bai koma wurin masu shi ba bai cika ba. Hadiza ta kawo nata shafin. Ina karantawa raina yana ɓaci. An shaida mana, an ce, ana kai labari, an lura, a wani ƙauye. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na zagaye, har takardar ta koma kamar mai ƙyanda, na tura mata a kan tebur.

"Malama, wannan bincike ne ko hirar bakin rijiya? Wa ya ce? Wane ƙauye?"

"Malam, da gangan na yi."

"Da gangan kika rubuta shirme?"

"A wajenmu wannan 'an' ɗin ba lalaci ba ce. In an ɗauki mutum, cewa muke an tafi da wane. Ko uwar da ta haife shi ba ta cewa su wane ne, ko da ta ga fuskokinsu. Ƙofa ce, Malam, rufe ta muke yi."

"Ni ɗan can ne, kada ki koya mini garinmu. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Mutum ya ba ki ilimin da babu shi a littafi, ki rasa abin saka masa sai 'an ce'? Da farfesa ne daga ƙasar waje, ai har lambar shafi za ki sa."

Ta ɗauki takardar, sannan ta ce:

"To, a tambaye shi."

Nan nake so ku karanta a hankali. Ba ƙa'idar rubutu ce kaɗai ta ingiza ni ba. Ƙa'idar ma, in za a bi gaskiya, ta yarda a sakaya sunan duk wanda faɗar sunansa za ta cutar da shi, kuma ni da bakina na sha koyar da hakan. So nake a ji sunan Yayana a rediyo. So nake mutanen Batsari da Safana da Yasore su ji an ce Malam Lawal ya ce, kamar yadda ake cewa farfesa wane ya ce. Gani nake ga ranar da zan yi godiyar geron nan ta zo, wadda na kasa yi shekara arba'in. Da na koma gida bayan la'asar na kira shi. Mahaifiyarku tana zaune a tabarma tana tsintar wake, wayar kuma na buɗe mata murya saboda kunnena ɗaya ya fara nauyi.

"Yaya, barka da yamma. Ya iyali, ya damina, ya jama'a?"

"Lahiya lau, Kabiru. Ya yara? Ya boko? Har yau kana nan kana jan kunnen manya?"

Na yi dariya, na zayyana masa komai, na ce maganar da ya yi wa Hadiza za a karanta ta a rediyo, kuma da sunansa za a karanta, da sunan garinmu. Ya yi shiru, har na duba wayar ko ta yanke.

"Rediyo kuma?"

"Rediyo, Yaya. Kowa ya ji."

"To. A dai duba. Yadda anka gani."

"Ka amince ke nan?"

"Ku ne masu ilimin abin. Allah shi sa a dace."

Muka yi sallama. Ina ajiye wayar mahaifiyarku ta ce, ba tare da ta ɗago daga faranti ba:

"Malam, wannan fa ba amincewa ba ce."

"Ya ce yadda aka gani. Ni kuma na gani."

"Tun da na zo gidan nan ban taɓa jin Yaya ya ce maka a'a ba. Shirun nan da ya yi, shi ne amsar."

"Shekara talatin ina koyar da abin da magana ke nufi, yau ke za ki fassara mini yayana?"

"To, Allah ya ba da sa'a."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Ku duba fa, ita ma da yaren nan ta amsa mini, shi ma ban ji ba. Duk yaron ƙauyenmu ya san in babba ya ce "a dai duba", ya naɗe tabarmar maganar ke nan. Ni kuwa na daɗe a cikin takarda har kunnena ya koma na takarda, abin da ba a furta ƙarara ba a wurina ba a faɗe shi ba. Washegari na zauna na sake rubuta shafin Hadiza da hannuna. Na cire kowace "an", na sa Malam Lawal, limamin gari kaza, ya ce. Jimlolin suka miƙe tsaf, sai ka ce na misali a aji. Ranar shirin ni na kai ta a motata. A bakin ƙofar gidan rediyon ta tsaya ta juyo.

"Malam, magana zarar bunu ce."

"Shiga ki karanta."

Ta shiga ta karanta. Ni ina cikin mota, rana tsaka, na ƙure murya. Da na ji sunan Yayana ya fito daga akwatin nan sau uku, wallahi sai da na yi hawaye, kuma na murna ne. Abokan aiki suka yi ta kira suna yaba shirin. Na nemi wayar Yaya a kashe, na sake nema washegari a kashe, na ce ai sabis ɗin ƙauye ne. Rana ta biyar Hadiza ta shigo ofishina, ko sallama ba ta yi ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, Yayanka yana Batsari. Da iyali duka."

Yadda abin ya faru, daga baya na ji. Kwana uku da shirin, bayan sallar azahar, wani mutumin garin, wanda a zauren Yaya ya koyi alwala, ya tsaya har kowa ya watse daga masallaci. Ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu. Sannan ya ce:

"Malam, an ji ka a rediyo."

"To."

"An ji daɗi ƙwarai. An ce a gaishe ka. An ce kuma geronka ya yi kyau bana, Allah shi nuna muna mai cin shi."

Yaya bai tambaye shi wa ya ce ba. Gari na wayewa ya ɗora mata da yara a babura, ya ɗaure littattafan mahaifinmu a kan jaki, ya biyo su a ƙafa ta hanyar da ya saba kawo mini gero. Nasa geron yana tsaye a gona, saura mako uku a yanka.

Na same su a wani gida bayan tasha, ɗaki biyu, tabarmi har tsakar gida. Ku ba ku san irin wasan da ke tsakanina da Yaya Rabi ba. Tun ina ɗan makaranta take ce mini mijinta marar garma, in na zo hutu sai ta ɓoye mini takalmi ta ce ba zan koma ba sai na yi mata kunya goma a gona. Ko da na zama Dakta ba ta fasa ba. Ranar nan ta fito, ta ɗan rusuna, ta ce:

"Sannu da zuwa, Dakta."

Ta ajiye mini ruwa ta koma ciki. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Yaya yana zaune a kan buzu, littattafan na nan cikin buhu ba a kwance ba. Muka gaisa kamar ba abin da ya faru, har sai da gaisuwa ta ƙare mana.

"Yaya, ni na jawo wannan."

"Ƙaddara ta riga fata."

"Me ya sa ba ka ce mini a'a ba?"

Ya dube ni.

"Muryarka na ji, Kabiru. Tun ranar da ka zo da takardar gama makaranta ban ji ka da murna irin ta ran nan ba. Ni in kashe maka ita?"

Ya shafa buhun da ke gefensa ya ci gaba, a hankali, ba faɗa a muryarsa:

"Kai rabin karatun Malam ka ɗauka ka tahi. Ka riƙe yana cewa wa ya ce. Ba ka riƙe ba, in magana mai nauyi ce, sai ya sallami kowa, ya sa a saki asabarin zaure, kana ya tambaya? In kuma anka hwaɗa mishi sunan, ka taɓa jin ya maimaita shi ga wani?"

Na tuna. Ni ma ake aika in saki asabarin, sannan a ce in tafi in yi wasa. Na roƙe shi ya zo birni su zauna a gidana, ya ƙi. Ya ce nan in ya fita bakin hanya yana ganin masu zuwa daga gida, yana jin ko an yi ruwa.

Bayan wata guda sai na fara jin wata magana a dangi, wai ni na ƙulla wa Yaya sharri a rediyo, na sa masa maganar da bai faɗa ba, don in raba shi da gonar gado. Raina ya yi mummunan ɓaci. Na ɗauki mota na koma Batsari, ko zama ban gama yi ba na ce:

"Yaya, ka ji abin da ake yaɗawa? Wa ya ce?"

"Ni na ce."

Na zauna.

"In anka ce tsoro ya kore ni, to abin da rediyo ta hwaɗa ya tabbata, kuma duk wanda ya taɓa zama zaurena ya shiga ukku. In kuwa anka ce rigimar gado ce da ƙanena ɗan boko, magana ta mutu. 'Yan'uwa su yanke geron su ci. Ɗiyar mutane ta Safana ma a ƙyale ta. Kai kana birni, sunanka kaɗai za ya ɓaci. Kana iya ɗauka?"

Na ce zan iya. Ban san nauyinsa ba sai da na aza. Don ƙaryar ta zauna, dole muka daina zama tabarma ɗaya a taron dangi. In na je gaishe shi, nesa nake ajiye mota, in shiga in fito kamar marar gaskiya. Shi ya sa kuka tashi ba ku san 'ya'yan Baffanku yadda ya kamata ba, shi ya sa aka daina kawo muku wake da gyaɗa in kaka ta yi. Mahaifiyarku ta san komai, ta sha kallon banza a wurin biki saboda ni, ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba. Na fi son da ta ce.

Hadiza ta cire duk wani suna daga kundinta ta gama aikinta. Ranar da take kare shi, ina cikin masu zama, wani baƙon farfesa ya ɗaga shafin ya tambaye ta wa ya faɗi wannan. Ta ce wanda ya faɗa yana da rai, kuma tana so ya ci gaba da zama da ransa. Ni dai ƙasa nake kallo. Na ƙara shekara shida ina koyarwa bayan nan, amma jiki ne kawai ke hawa benen. In na ga "an" a takarda sai biro ya tsaya a sama, in kira mai ita in rufe ƙofa in tambaye shi ko lalaci ne ko tsoro. Yawanci lalaci ne, gaskiya, kuma waɗannan ban fasa yi musu faɗa ba. Amma daɗin faɗan ya tafi. Da lokacin ritaya ya yi, ko bikin sallama ban tsaya ba, na bar jan biro guda biyu sababbi a cikin aljihun tebur.

Damina huɗu Yaya ya yi a Batsari, bai sake ganin gonarsa ba. Duk shekara sai ya shuka gero layi biyu a gindin katangar gidan hayar, ya riƙa zagaya shi da safe hannu a baya, kamar wanda ke duba eka goma. Da ciwo ya kwantar da shi ya aiko a kira ni, a fili wannan karon. Na isa bayan la'asar. Ya rame har na ga fuskar mahaifinmu a tasa. Yaya Rabi tana tsaye a bakin ƙofa. Na durƙusa kusa da kansa na ce:

"Yaya, ka yafe mini."

Idonsa a rufe. Leɓensa ya motsa, na kai kunnena mai kyau.

"An yahe."

Tambayar nan ta taso mini, wallahi har ta zo kan harshena, tambayar da na yi wa dubban takardu. Wa ya yafe? Kai ne, ko dai haka ake cewa? Na ɗago, muka haɗa ido da Yaya Rabi, na haɗiye ta. Bayan kwana biyu ya cika. Har yau ban sani ba ko alkunya ce ta babba, wanda ba ya ce wa ƙaninsa "na", ko kuwa ƙofar nan ce da Hadiza ta faɗa ya ja ya rufe. Mahaifiyarku ta ce yafiya ce cikakkiya, babu saura. Ta fi ni kunne, an riga an gwada, don haka fassararta nake riƙe da ita. Amma da zan ce muku zuciyata ta kwanta, na yi ƙarya.

Yanzu babu sauran wanda ƙaryar gonar ke karewa. 'Yan'uwanmu na ƙauye duk sun watse, wasu Batsari, wasu Safana, wasu inda Allah ya kai su. Kafin in fara babin nan na je Safana, gidan babban ɗan Baffanku, na sami Yaya Rabi na nemi izininta. Na tambaye ta sau biyu, kuma na saurari shirun da ke tsakani. Ta ce in rubuta, ban da sunan gari. Da na miƙe zan tafi na nemi takalmina ƙafa ɗaya na rasa, sai da jikarta ta zaro shi daga ƙarƙashin tabarmar da take zaune a kai. Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Saura ku. Ku nemi 'ya'yan Baffanku, ku ci abinci kwano ɗaya da su. In sun tambaye ku abin da ya fitar da mahaifinsu daga gidansa ya bar gero a tsaye, kada ku ce an samu saɓani, kada ku ce an yi kuskure. Wannan maganar tana da uba. Ni ne.